Ƙodar Ɗan Wani

Wankin ƙoda sau uku ake yinsa a mako, kowane zama awa huɗu. Wanda bai taɓa raka majinyaci ba zai zaci wahalar tana wajen allura da ganin jini, alhali abin da ya fi cin ran mai rakiya shi ne zaman kansa. Kana kan kujera, na'ura tana zuƙe jinin ɗan'uwanka tana tacewa tana mayar masa, kai kuwa ba abin da za ka iya sai kallon agogo. Yayata ce a kan gadon. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta tsaya mini har na gama makaranta, don haka da hawan jini ya kashe mata ƙodojin nan biyu ba a ma zauna shawarar wanda zai riƙa kai ta asibiti ba.

A gadon da ke kusa da nata akwai wani dattijo, tsohon malamin adabi, wanda kowa a ɗakin yake kira Baba. Mutum ne mai barkwanci, har ma'aikatan jinya yake tsokana suna cikin soka masa allura. Wata rana ya ga na latsa waya har cajinta ya ƙare, sai ya sa hannunsa na dama, wanda ba a ɗaura wa bututu ba, ya zaro wani littafi daga jakarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗana, karanta wannan. Ba zai faranta maka rai ba, amma zai cinye maka lokaci."

Littafin da Turanci yake, sunansa Never Let Me Go, ya fito a 2005. Marubucinsa Kazuo Ishiguro an haife shi a Nagasaki ta ƙasar Japan a 1954, iyayensa suka koma Ingila da shi yana ɗan shekara biyar, daga baya ya ci lambar yabo ta Nobel a fannin adabi a 2017. Baba ne ya ja hankalina ga wani abu: a shekarar da aka haifi marubucin, a ita aka yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka, inda likita Joseph Murray ya cire ƙodar wani saurayi ya dasa wa tagwayensa. A lokacin ban gane abin da ya haɗa wannan da littafin ba.

Farkonsa ya gundure ni ƙwarai. Wata mata ce mai suna Kathy, 'yar shekara 31, take ba da labarin yarintarta a wata makarantar kwana da ake kira Hailsham, ita da abokanta biyu, Ruth da Tommy. Shafi bayan shafi ba komai sai ƙananan rigingimun yara: wa ya yi gulmar wa, wa aka ƙi zaɓa a wasan ƙwallo har ya yi ta bori, wa ya ɓatar da kaset ɗin waƙa. Akwai babi kusan guda a kan 'yar jakar fensir, wadda Ruth ta bar ƙawayenta suka ɗauka wata malama ce ta ba ta kyauta don ta fi sonta. Na ce wa Baba wannan ai labarin 'yan firamare ne. Ya ce in ci gaba.

A hankali abubuwa suka fara yi mini wani iri. Yaran ba su da iyaye, ba kuma wanda yake maganar iyaye. Kowane mako likita yana duba su. Shan taba a wurinsu ya fi kowane laifi muni. An gaya musu ba za su taɓa haihuwa ba. Sannan ga wata mata da suke kira Madame, tana zuwa lokaci-lokaci ta kwashi zane-zanensu mafi kyau ta tafi da su, kuma in yaran suka matso kusa da ita sai jikinta ya sandare don tsoro da ƙyama. Sai wata rana ana ruwan sama, suna 'yan shekara 15, wata malama mai suna Miss Lucy ta ji yara maza suna hirar zuwa Amurka su zama taurarin fim. Ta kasa daurewa, ta gaya musu a fili cewa ba wanda zai je ko'ina. An ƙirƙire su ne ta hanyar kwafar ƙwayoyin halittar wasu mutane, kuma kafin su manyanta za a fara cire sassan jikinsu ɗaya bayan ɗaya ana dasa wa marasa lafiya, har su mutu. Galibi ba mai wuce cira ta huɗu.

Na ɗaga kai na kalli Baba, ya yi kamar yana barci.

Labarin a Ingila yake faruwa, a ƙarshen shekarun 1990, daidai zamanin da masana a Cibiyar Roslin ta Scotland suka samar da tunkiya Dolly ta hanyar kwafi a 1996. Amma a littafin babu ɗakin gwaje-gwaje, babu bayanin kimiyya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne bayan jawabin malamar, yaran ba su yi komai ba. Sun ci gaba da rayuwarsu. Da suka girma suna tuƙa mota su kaɗai, suna yawo gari-gari, ba shinge ba mai gadi, kuma in takardar kira ta zo sai su je da ƙafarsu. Na tambayi Baba cikin jin haushi, "Me ya hana su gudu?" Ya ce, "Wanda tun yana rarrafe ake nuna masa abin da aka yi shi dominsa, ko ka buɗe masa ƙofa, ina ka ga zai nufa?"

Duk wannan lokacin ina karatu ne ina ganin kaina a jikin Kathy. Ita ma jinya take yi, fiye da shekara 11 tana zagaya asibitoci tana zama kusa da gadon waɗanda aka yanka. Na san wannan gajiyar. Na san yadda mutum yake koyon fara'ar ƙarya a bakin ƙofa. Yaya an hana ta shan ruwa da yawa, tunda jikinta ba ya iya fitar da shi, saboda haka nakan zo mata da 'yan gutsattsarin ƙanƙara a kofi ta riƙa tsotsa. In na ɗora yatsa a kan jijiyar da aka haɗa mata a hannu don wankin, sai in ji tana ɗan kaɗawa, kuma an ce mana ranar da kaɗawar ta tsaya mu garzayo asibiti ko da tsakar dare ne. Har cikin barci nakan ji kamar ina taɓa wurin.

Likita ya ce dashe ne mafita. Na je aka gwada ni, aka ce rukunin jinina A ne, nata O, kuma mai O daga mai O yake karɓa. Sauran 'yan'uwa wannan yana da ciwon suga, wancan shekaru sun ja, wani kuma ya daina ɗaga waya.

A cikin wannan halin ne wani mutum ya tare ni a barandar asibitin. Tsaf da shi, yana ƙamshin turare, ya san sunan kowane gwaji kamar ma'aikacin wurin. Ya yi mini jaje sosai, sannan ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan wahalar tana da magani. Akwai yaro mai jini O, lafiyayye, kuma shi da kansa yake so." Ya faɗi kuɗin. Suna da yawa, amma ba su fi ƙarfin a sayar da kadara a haɗa ba.

Na san haramun ne a doka. Kusan duk duniya an hana cinikin sassan jikin mutum. Iran ce kaɗai aka sani da tsarin biyan mai ba da ƙoda a hukumance, tun 1988. A 2008 ma likitocin dashe daga ƙasashe da dama sun taru a Istanbul suka fitar da sanarwa ta yin tir da wannan fatauci. Shi ya sa asibitoci suke zaunar da mai bayarwa su yi masa tambayoyi, su tabbatar ba saye aka yi ba. Dillalin yana da amsar wannan ma. Za a ce yaron ɗan ƙanwar mahaifinmu ne. Aikina kawai in koya masa sunayen dangi, da wa ya haifi wa, da shekarar da mahaifiyarmu ta rasu, don kada ya yi tuntuɓe a gaban likitoci. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Na ce a haɗa ni da yaron.

Ya zo kafin lokacin da aka sa. Siriri ne dogo, tafin hannunsa duk kanta, dako yake yi. Ya ce shekarunsa 23, ni dai na ga bai kai ba. Dillalin ya ce ba sai na san sunansa na gaskiya ba, tunda wani sunan za a ba shi. Na fara karanto masa sunayen danginmu yana maimaitawa, yana ƙirgawa da yatsu. Kansa yana ja, sau ɗaya ya riƙe. Da dillalin ya tashi amsa waya, yaron ya matso ya ce, "Yallaɓai, don Allah in tambaye ka. Tabon zai fito sosai? Ba na so Inna ta gani." Kafin in ba shi amsa ya ƙara da cewa ko zan ɗan sa masa wani abu a kai wanda dillalin ba zai sani ba, yana so ya sayi waya mai kyau.

An gaya masa mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya, kuma gaskiya ne. Abin da ba a gaya masa ba shi ne zai yi makonni bai ɗaga kaya mai nauyi ba, shi da ɗaukar kaya ne abincinsa, kuma ana so a riƙa duba masa jini da fitsari har ƙarshen rayuwarsa. Wa zai kai shi? Ni ma ban gaya masa ba a ranar. Na ce masa tabon ba shi da girma.

A daren nan na kai ƙarshen littafin. Akwai jita-jita tsakanin ɗaliban cewa in mace da namiji suka tabbatar suna son juna da gaske, za a iya ɗaga musu ƙafa na shekara uku kafin a ci gaba da yanka. Tommy ya yi imani cewa zane-zanen da Madame take kwasa su ne hujjar da ake dubawa a ga abin da ke zuciyar mutum, don haka ya duƙufa zana wasu ƙananan dabbobi na ƙirƙira a littafinsa. Ruth ta mutu bayan cira ta biyu, amma kafin ta cika ta ba Kathy da Tommy, waɗanda suka daɗe suna son juna, adireshin Madame. Suka je. A gidan suka tarar da tsohuwar shugabar makarantarsu, Miss Emily, a keken guragu. Ta gaya musu babu wani ɗaga ƙafa, ba a taɓa yi ba. Zane-zanen an tara su ne don a nuna wa duniya cewa yaran nan suna da ruhi kamar kowa. Duniya kuma ba ta so ta gani, domin mutane sun riga sun saba da cewa sankara da ciwon zuciya suna warkewa, kuma ba wanda zai yarda matarsa ko ɗansa ya koma mutuwa da su. Sun fi so su ɗauka sassan jikin nan daga sama suke faɗowa. An rufe makarantar, sauran yaran ana rainonsu a wurare mafi muni.

Abin da ya fi tsaya mini a wannan babin ƙaramin abu ne. Miss Emily tana wannan bayanin ne hankalinta rabi yana kan wata 'yar durowa ta gefen gado da za ta sayar, masu ɗauka suna hanya, tana tsoron kada su ƙwarzane ta. Mutum biyu suna gabanta suna jin cewa ba su da sauran bege, ita kuma tana sauri. Kuma ba muguwa ba ce. Ita ce ma ta ƙarar da rayuwarta wajen nema musu sauƙi. A kan hanyar komawa Tommy ya ce a tsayar da mota, ya shiga wani fili mai taɓo cikin duhu ya yi ta kururuwa, Kathy ta bi shi ta riƙe shi har ya yi shiru. Daga nan suka koma mota, aka ci gaba da tafiya, ya je aka yi masa cira ta huɗu.

Na ajiye littafin na zauna a bakin gado. Tun farko na ɗauka ni ne Kathy, ashe wurina a labarin yana cikin mutanen da ba a ma nuno su ba, waɗanda ake yanka yaran dominsu. Su ma ba azzalumai ba ne a idon kansu. Kowannensu yana da wata Yaya a kan gado.

Ina da saɓani da Miss Emily a kan zanen nan. Ni ba zanen Tommy ne ya sa na yarda mutane ne ba. Ƙaryar Ruth a kan jakar fensir ce, da kishinta, da yadda ta raba masoya biyu tsawon shekaru sannan ta zo tana neman gafara lokacin da ba sauran amfani. Waɗancan shafukan da suka gundure ni su ne suka ɗaure ni, domin sai da na gama sanin ƙananan halayen yaran kafin a gaya mini za a yanka su. Haka ma yaron nan. Da ya zauna shiru yana haddace sunaye, da wataƙila na iya ci gaba da kallonsa a matsayin jini O. Tsoron idon mahaifiyarsa da kwaɗayin waya da 'yar dabararsa ta zagaye dillali, su suka hana ni barci. Kuma tun da aka ce sai wani ya kawo hujjar cewa shi mutum ne, ai an riga an gama yanke hukunci. Masu neman hujjar sun san abin da za su rasa in suka gamsu.

Washegari na gaya wa Yaya komai. Na zaci za ta yi salati ta ce a'a nan take. Tambayarta ta farko ita ce, "Jinin nasa ya yi daidai da nawa?" Na ce ya yi. Ta juya fuska bango. Ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba; wanda bai taɓa kwana da ƙishirwa ruwa yana gabansa ba, ba shi da bakin magana a nan. Ta yi kwanaki ba ta ce komai a kai ba, ni kuma dillali yana ta kira. Sai wani dare ta kira ni ɗakinta ta ce, "Auta, wallahi ina son in rayu. Ina son in ga auren 'yata. Amma in likita ya kalle ni ya ce yaron nan ɗan'uwanki ne, bakina ba zai iya cewa e ba. Ka sallame su." Ba ta yi maganar tausayin yaron ba ko sau ɗaya. Ƙaryar ce ta gagare ta.

Dillalin bai ko ɓata rai ba. Ya ce ba komai, akwai masu jira. Bayan 'yan makonni muka sake haɗuwa a barandar nan, na tambaye shi yaron, ya ce ai an riga an gama da wasu, lafiya lau. Saboda haka ba zan ce mun ceci kowa ba. Hannunmu dai muka janye, ƙodar ta tafi inda za ta tafi.

Da na ba Baba labari ina ɗan jiran yabo, sai ya ce, "Ni ma an kawo mini wannan tayin, ɗana. Kuɗin ne ba ni da su. Kada ka ɗauka na fi ka, kada kuma ka ɗauka ka fi waɗanda suka saya." Na mayar masa da littafinsa, ya ce in riƙe, ba ya son sake ganinsa.

Yaya tana nan tana wanki. Ta rame, fatarta ta yi duhu, amma tana nan. Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne maganar ta dawo ta wata ƙofar. 'Yarta ta fari ta cika shekara 22, ta je da kanta ta yi gwaji ba tare da ta gaya wa kowa ba, jininta O ne. Ta ce za ta ba uwarta. Wannan halal ne, doka ta yarda, likitoci sun yarda, dangi sai sa mata albarka suke yi. Yaya ta ƙi da ƙarfi a ranar farko, ta ƙi a hankali a mako na biyu, yanzu in an tayar da maganar sai ta yi shiru.

Ni kuma tambayar da na yi wa Baba ce take damuna. Yarinyar nan tun tana sakandare take ganin uwarta a kan na'ura, tana jin manya suna cewa da ma a sami mai jini O a gida. Ba wanda ya taɓa ce mata ke ce, ba kuma wanda ya taɓa ce mata ba ke ba ce. Ina so Yaya ta rayu fiye da yadda nake son komai, kuma na san irin idon da ni kaina nake kallon yarinyar da shi tun ranar da sakamakon ya fito.

Na sami likitan na gaya masa damuwata. Ya ce za su gana da ita ita kaɗai, ba uwa ba kawu, fiye da sau ɗaya. In ta nuna ko ɗan ɗari-ɗari, za su ce wa dangi kawai ba ta dace da bayarwa ba, ba tare da sun faɗi dalili ba, kuma tana da damar fasawa har zuwa ranar tiyata. Na ɗauke ta a mota na gaya mata duk wannan. Na gaya mata maganar tabo, da makonnin hutu, da duba lafiya na har abada, da cewa in ta zo haihuwa sai an ƙara sa ido a kan hawan jini, duk abin da ban gaya wa wancan yaron ba. Na ce in ta fasa ba wanda zai sani, ni ma ba zan tambaya ba.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kawu, ka gama? To ranar Talata ne gwajin na gaba, da ƙarfe takwas. Kai za ka kai ni ko in hau mota?"

Na ce ni zan kai ta.